Ranar da Na Ce An Sallami Gado

Filinge, Talata da hantsi

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen gidan kawunki da suka riƙe ki a Yamai duk shekarun karatunki. Allah ya tsare ki a hanyar da za ki kama, ya sauke ki lafiya a garin da za a tura ki, ya haɗa ki da maƙwabta na kirki. Innarki tana gaishe ki ƙwarai.

Kotun ɗaukaka ƙara ta soke wasu hukunce-hukuncen da alƙalan ƙananan kotuna suka yanke a kan sakin talala, ta kuma yi musu faɗa a rubuce. Wasu ta same su da sakin mutane ba tare da sun bayyana dalili ba. Wasu ta same su da riƙe mutane a gidan kaso, su ma babu dalili a takarda. Kin riga ni sani, tunda ke kika turo mini hukuncin ta salula. Na kai wa mai fotokopi na bakin tasha ya fitar mini da shi a takarda, na karanta sau biyu da alƙalami a hannu.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne maganar da kika yi a ƙarshen kiranki. Kin ce shekararki ta farko a kujerar alƙali ba za ki yi wa kowa sakin talala ba, domin wanda ya riƙe mutum faɗa kawai ake yi masa, wanda ya saki kuwa har a kasuwa ana cewa an saye shi. Da dariya kika faɗa. Na san dariyarki ta wasa, wannan ba ita ba ce.

Shekaru masu yawa na yi ina zama a bencin baya na kotuna da ɗan littafina, kuma har yau abin bai daina ba ni mamaki ba. Mutum ɗaya a ɗaki ɗaya ya ja alƙalami, sai wani ya kwana cikin iyalinsa ko ya kwana a kaso. A saman wannan mutumin kuma akwai wasu da ke bin abin da ya rubuta layi bayan layi, suna tambayarsa me ya sa. Kakarki, wadda kike ɗauke da sunanta, ta rayu ta rasu ba ta taɓa jin an tambayi mai iko me ya sa ba. Yau yarinyar da nake ɗorawa a kafaɗa ta hango raƙuma a kasuwar bisashe ita ce za ta riƙe alƙalamin. Da na gama karanta hukuncin na daɗe zaune ban motsa ba.

Akwai labarin da ban taɓa ba ki ba. Ni ne mai laifi a cikinsa, shi ya sa.

Kina goye a lokacin. Ina wakilin rediyo, ina aika labaran yankinmu da Hausa. Wani manomi daga wani ƙauye a gefen Tabla, sunansa Gado, ya tarar da shanu cikin hatsinsa ana saura kaɗan a yi girbi. Suka yi cacar baki da makiyayin, aka kai ga sanda, makiyayin ya karye a hannu. Jandarma suka kama Gado, ya daɗe a tsare ana bincike. Alƙalin da dosiyen, wato takardun shari'ar, ke hannunsa matashi ne, bai daɗe da fitowa daga makaranta ba, kamar ke a yau. Ba zan rubuta sunansa ba, ko na kotun. Ya duba ya ga Gado yana da gida da gona da mata da ƴaƴa, ya ba shi abin da takardar ta kira liberté provisoire. Sharaɗi biyu ya sa: ya zo kotu kowace ranar kasuwa ya dangwala yatsa, kuma kada ya bar yankin sai an yi shari'a.

Magatakardan kotu ya gaya mini a tsaye a bakin ƙofa, saura ƴan mintuna in buga waya in ba da labari. Na san kalmar da mutanenmu ke da ita. Duk wanda ya taɓa kiwon akuya ya san talala: a ɗaura mata doguwar igiya ta yi kiwo ta sha iska, amma turke yana nan. Na rubuta sakin talala a littafina, sannan na soke. Na ga kamar kalmar ƙauye ce, kamar ana kwatanta mutum da dabba. Kuma gaskiya, a lokacin ina so a ji ni kamar masu karanta labarai na babban birni. Sai na ce an sallami Gado.

Takardar da aka ba Gado da Faransanci take. Magatakarda ya yi masa bayani a gurguje, ya fahimci dai akwai wata maganar dawowa. Da ya isa ƙauyensu sai ya tarar kowa ya riga ya ji a rediyo cewa an sallame shi. Ya ce musu kamar an ce ya riƙa komawa. Suka ce da kai da rediyo wa ya fi sanin abin da alƙali ya faɗa? Da aka gama ɗaurin hatsi ya ɗauki jakarsa, kamar yadda shi da sauran mazan ƙauyen ke yi kowace shekara, ya tafi kurmi, can ƙasashen kudu, cin rani.

Dangin makiyayin su ma sun ji rediyon. Hannun ɗansu yana cikin ɗori, ga murya tana cewa an sallami wanda ya karya shi. Ba su ga wata fassara ba sai cewa an sayi alƙali. Suka yi ta kai kuka har mai gabatar da ƙara ya ɗaukaka maganar. Kotun sama ta buɗe dosiyen ta tarar da umarnin saki mai layi biyu, babu dalili, ga kuma ranakun kasuwa sun shige babu yatsan Gado a littafi. Ta soke sakin, ta yi wa alƙalin faɗa.

Ki riƙe wannan tun yanzu. Hukuncinki ba ya ƙarewa a kan takarda. Yana fita ta ƙofa a bakin magatakarda, a bakin ɗan jarida, a bakin direban da ya ɗauko dangi, kuma kowane baki yana rage masa wani abu. Ki faɗe shi da kanki, da harshen da mutumin yake mafarki da shi, Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci. In ba ki ji harshen ba, ki sa tafinta ya faɗa a gabanki, sannan ki sa mutumin ya maimaita miki abin da ya ji. Ki kira ɗaya ɓangaren su ma ki gaya musu cewa shari'a tana nan tafe. In ɗan jarida ya tsaya a ƙofarki, ki ba shi kalmar da kanki. Mu muna gaggawa, kuma muna son kalma mai daɗin faɗa.

Da faɗan kotun sama ya iso, ni na ba da labarinsa. Shafin ƙarshe kawai na karanta. Na ce babbar kotu ta tsawata wa alƙalin da ya saki mai laifi, kuma na faɗe shi da irin muryar da muke yi in labari ya yi mana daɗi. Kuskure biyu ne a jimla ɗaya. Ba a riga an sami Gado da laifi ba. Kuma da na zauna daga baya na karanta hukuncin tun daga farko, sai na ga kotun ba ta ce sakin manomi mai gida da gona laifi ne ba. Abin da ta nema shi ne ta ga tunanin alƙalin a rubuce, ta ga kuma yadda ya tabbatar mutumin ya fahimci sharaɗin. Ba ta sami ko ɗaya ba. Akwai kuma abin da ban faɗa a labarin ba, wato inda Gado ya ji cewa an sallame shi. Na san amsar, na bar ta a aljihu.

Hukuncin da kika turo mini ma haka yake, Uwani. Na ja layi a ƙarƙashin wuraren. Duk inda suka yi faɗa, rashin dalili suka yi wa faɗa. Ki sake karanta shi da safe, a natse, ba da idon mai neman inda bulala za ta sauka ba.

Gado ya dawo da gizagizan farko don ya yi shuka. A tasha jandarma suka tare shi. Na ji daga baya cewa a cikin tsarabarsa har da ƙaramar rediyo da ya sayo wa matarsa.

Bayan kwana biyu yayansa, wani dattijo mai suna Mamman, ya zo gidanmu. Ya zauna a zaure tun da hantsi. Ina ɗaki ina juya takardu da ba su buƙatar juyawa. Innarki ta shigo da ke a bayanta.

"Malam, mutumin nan har ya sha ruwa sau biyu."

"Ki ce masa ina aiki."

"Ni ba ni cewa. Bakinka ya kai ƙanensa inda yake, bakinka ya fita ya gaya masa kana aiki."

Na fita. Mamman bai ɗaga murya ba. Ya ce ba su zo neman rigima ba, abu ɗaya suke so: in je in gaya wa alƙali cewa a rediyo Gado ya ji an sallame shi, ba gudu ya yi ba. Ya ce ruwa ya kusa, gonar kuma babba ce. Na ce masa gobe in sha Allahu.

Ban je ba. Na gaya wa kaina cewa ɗan jarida ba ya shiga shari'a, cewa sai na tuntuɓi shugabannina, cewa maganata ba za ta canja komai ba. Kowane dalili in ka ɗauke shi shi kaɗai yana da kamar hankali. Abin da ke ƙarƙashinsu duka shi ne ina tsoron a san kuskurena a kore ni daga aiki. Aka nemi a sake yi wa Gado sakin talala, alƙalin ya ƙi. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko da maimai, Gado yana ciki. Matarsa da Mamman suka yi abin da suka iya. Ciyawa ta cinye gefen gonar da hannunsu bai kai ba.

Sai da kaka ta yi na je gidan kaso. Aka fito da shi tsakar gida, doguwar riga ta yi masa yawa. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai ne mai muryar?"

"Ni ne."

"Ashe ɗan ƙarami ne kai. Cikin rediyo sai ka ce wani ƙato."

Masu gadi suka yi dariya, shi ma ya yi. Sannan ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, mi takardar ta ce?"

"Sakin talala ta ce."

Ya dubi ƙafafunsa.

"Talala. To mi ya hana ka ce haka nan? Ni da nike ɗaure awaki tun ban yi wayo ba. Da ka ce talala ai da na san inda turke yake. Ko Bankuku da ke nan kusa ba ni zuwa sai na tambaya."

Na ce na ga bai dace a yi wa mutum kalmar dabba ba.

"Allah ya saka maka, ka girmama ni," in ji shi, ya nuna bangon kason da haɓarsa. "Ga ni nan cikin girma."

Bai zage ni ba. Da zan tafi ya tambaye ni ko an yi ruwa sosai wajen Tabla a ƙarshen damina, don ya ce kowa ya zo sai ya ce masa an gode Allah, ba mai gaya masa gaskiya. Ban sani ba. Ni da nake ba da labarin damina a rediyo ban san ko an yi ruwa a gonarsa ba.

Daga nan kai tsaye na wuce kotu. Alƙalin ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Ya ce, "Me ya sa sai yau?" Bai jira amsata ba.

"Ni ma ban yi masa magana ba," in ji shi. "A nan yake tsaye, inda kake. Na sa hannu na miƙa wa magatakarda, ban ɗaga kai ba. Kuma Hausa muke yi a gidanmu."

Na tambaye shi ko yanzu zai sake shi, tunda ya ji yadda aka yi. Ya ɗora hannu a kan tarin dosiye da ke gefensa. Ya ce kowanne ya buɗe, shafin nan na kotun sama yake gani. Bai saki Gado ba, bai kuma saki ko ɗaya daga cikin masu dosiyen da ke ƙarƙashin hannunsa ba. Da aka yi shari'a, ɗaurin da aka yanke wa Gado bai kai zaman da ya riga ya yi ba. A ranar ya fita. Na ba da gyara a rediyo, jimla uku a ƙarshen labarai. Ba a kore ni ba. Shugabana ma bai lura ba.

In kika yi kuskure, kuma za ki yi, ki faɗe shi a makon, tun yana da amfani ga wanda ya shafa. Nawa na faɗe shi bayan ya daina amfanar kowa sai ni.

Alƙalin an ɗauke shi zuwa wani gari, daga can zuwa wani. Ya yi suna a matsayin wanda ba ya saki. Mutane suna yabonsa, suna cewa ba a sayensa, kuma gaskiya ne, ba a taɓa sayensa ba, har a maganar Gado. Bayan mun tsufa na haɗu da shi a wajen wata ta'aziyya a garin Damana. Muna zaune a tabarma ɗaya ƙarƙashin gawo, aka yi addu'a aka shafa. Ya juyo ya gane ni.

"Mai rediyo. Kana nan kana sallamar mutane?"

"Na yi ritaya, ranka ya daɗe."

"Ni ma." Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Ka san ba a sake yi mini faɗa ba? Ko sau ɗaya, har na aje aiki."

Na ce masha Allah.

"Kada ka ce haka," in ji shi. "Ban san adadinsu ba. Wani lokaci ina ƙoƙarin tuna fuskokinsu, sai in ga ban dube su ba."

Wannan ita ce hanyar da kika ce za ki bi shekara ɗaya. Shi ma bai yi niyyar ya wuce shekara ɗaya ba.

Ban ce ki saki kowa ba. Akwai wanda in ya fita zai bi shaidu gida gida. Akwai wanda jakarsa a ɗaure take tun kafin a kama shi. Akwai wanda fitarsa a wannan makon za ta tayar da ƙauye biyu. Ki riƙe su, ki rubuta dalili, yadda in an karanta wa uwar mutumin da Hausa za ta gane ko da ba ta yarda ba. Wanda kuma kika ga ya cancanci saki, ki sake shi, ki rubuta dalili, yadda wanda aka yi wa rauni zai gane ba a sayar da shi ba. Ki san ƙasar da kike ciki. A nan ƙasarmu ta Kurfai namiji ba ya ganin tafiya kurmi bayan girbi a matsayin barin gari, a wajensa shekara ce ke tafiya yadda ta saba. In kin ce masa kada ya bar yanki zai ce to da zuciya ɗaya, kuma ya tafi. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana da niyyar cin rani bana, ki gaya masa bana babu, ki ji me zai ce.

Bayan duk wannan, wata rana kotun sama za ta soke hukuncinki. Za ta iya yin gaskiya, za ta iya yin kuskure, mutane ne. Zai yi zafi, kuma wani ɗan jarida mai gaggawa zai karanta shafin ƙarshe kawai. Ki karanta duka, ki ɗauki abin da ke na gyara, washegari ki buɗe dosiye na gaba ki dubi mutumin da ke tsaye. Shi ba ya cikin waɗanda suka yi miki faɗa.

Na rubuta da yawa, hannuna ya gaji. Ban saba yi miki doguwar magana ba, kin sani, kuma ba zan iya faɗar wannan a salula ba. Ranar da kika yi rantsuwa cikin baƙar riga innarki ta yi ta kuka, ni kuwa sai na tambaye ki ko kin ci abinci. Abin da ke raina a ranar shi ne girman abin da aka ɗora miki, da mamakin cewa daga gidan nan aka ɗauko mai ɗaukarsa.

Allah ya kiyaye ki a tafiya da zama. Ya tsare ki daga sharrin masu iko da na masu roƙo, da na tsoron da ke cikin ranki. Ya sa ki gama lafiya kina iya tuna fuskokin waɗanda suka tsaya a gabanki. Ki gaida kawunki da iyalinsa. Ki kira innarki da zarar kin sauka.

Mahaifinki

Bayan na rufe takardar wani tsohon abokin aikina ya kira ni. Ya ce alƙalin da za ki gada yana cikin waɗanda aka yi wa faɗan, kuma tun ranar da hukuncin ya fito bai amsa takardar neman sakin talala ko ɗaya ba, suna kan teburin da za ki zauna. Mutum ɗaya ne ya gaya mini. Ban sami na biyu da zai tabbatar ba tukuna.